Bahagon Buhu da Bahagon Gagarawa

"Na ce barka da yamma, bawan Allah. Ya gida, ya iyali?"

Shiru.

Hamma ya gyara riƙon sandarsa, ya ƙara matsowa. Karo na uku ke nan yana gaida mutumin da ke tsaye a gindin darbejiya, a kangon bayan gidan 'yarsa A'i a Gumel, mutumin kuwa ko kai bai gyaɗa masa ba. Ga shi sanye da 'yar shara da hula, ya miƙo hannu ɗaya gaba kamar mai tsai da mota. Gaskiya idon Hamma ya fara yana, amma kunnensa garau yake, da an amsa da ya ji.

Shi dai Hamma ba mutumin da ake yi wa shiru ba ne. Mahauci ne ɗan mahauci, shi ne Bahagon Gagarawa, wanda ya shekara ashirin da biyu yana dambe daga Maigatari har Damagaram, hannunsa bai taɓa dafa ƙasa ba. A dambe kuwa da hannunka ya dafa ƙasa an kashe ka ke nan, ko da ƙaya ka sunkuya cirewa. Tun da tsufa ya raba shi da fage, abin da ya rage masa a duniya shi ne jikansa Ɗanmalam. Tun yaron yana ɗan shekara bakwai, duk Juma'a sai ya zo Gagarawa, Hamma ya tara masa tafin hannu, yaron ya daka, su zagi juna, Goggo Yelwa matar Hamma ta dama musu fura. Yanzu Juma'a goma sha ɗaya ke nan ba a ga ƙeyarsa ba. Sai wani direba ya fesa wa tsohon cewa ai yaron ya yi sabon ubangida a Gumel, da shi yake wuni, shi yake daka. Kishi ya hana Hamma cin tuwo. Ya ɗauko tsohon karansa, igiyar nan da yake naɗe hannun dambe da ita, ya cusa a aljihu, ya hau motar kasuwa. Dama ya daɗe yana ajiye wa yaron ita. In kuwa ya tarar an maye gurbinsa, ya yi niyyar ya koma da abarsa ya ce a binne su tare.

"Ƙara ɗaga murya, tsoho. Kunnensa irin naka ne."

Ɗanmalam ne ya fito daga bayan danga, saurayi ɗan shekara ashirin, sanye da fararen kaya masu faɗi, ya sha ɗamara a ƙugu, yana dariya har yana riƙe ciki.

Hamma ya dube shi sama da ƙasa. "La'ilaha illallahu. Waye ya mutu aka ba ka likkafanin?"

"Naka ne na aro, in sassauta maka shi kafin ranar."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Sai na ci gumbar arba'in ɗinka tukuna."

"Da wane haƙorin? Ya hanya? Ya matata Yelwa? Ka dai bar mata cefane ko?"

"Matarka? Mijin da ya yi Juma'a goma sha ɗaya bai leƙo ba? Ai alƙali ya raba auren tuni, na mai da abata."

"Ashe ƙirgawa kake yi."

"Wa zai ƙirga ka? Kaji ne suka rage ɓacewa a gidan, shi ya sa na lura." Hamma ya nuna mai tsayuwar da sanda. "Wannan marar tarbiyyar kuma ɗan gidan waye? Sau uku ina gaishe shi."

"Ɗan gidan buhu ne. Uwarsa buhun gero, ubansa taɓarya. Matso ka gani."

Hamma ya matsa, ya kai hanci kusa, ya shafa. Sai a sannan ya gane mutum-mutumi ne. An cika buhu da ƙaiƙayi da yashi, an lulluɓe shi da fata, an kafa shi a kan ƙarfe cikin tsohuwar tayar babbar mota da aka cika da siminti. Kan kuwa duma ne aka naɗe da tsumma. Kunya ta kama tsohon, amma ya fi ƙarfin ya nuna.

"Na san ba mutum ba ne. Gwada ka nake yi."

"Har da tambayar iyali?"

"To ba kai ne iyalin nasa ba? An ce min da shi kake wuni. Wai wannan ne ubangidan? Wannan ne aka guje ni dominsa?"

"Shi ne. Ka ga ba ya tari, ba ya neman goro, ba ya ba ni labarin damben Magarya sau huɗu a zama ɗaya."

"Ina zai ba ka labari, bai taɓa zuwa ko'ina ba? Mu da muke korar tsuntsu da irinsa a gona, yau shi ne malamin jikana. Allah ya sawwaƙe. Waye ya koya maka wannan shirmen?"

"Malam Ishaya, malamin dabbobin nan mutumin Fanshin. Shi yake koya mana kareti da yamma. Ya ce kowa ya samu abin da zai riƙa daka."

"Kareti. Wannan tsalle-tsallen na 'yan Cana, ana ihu kamar an taka wutsiyar mage?"

"Shi fa. Da ƙafa ma muke duka."

"Jaki ma da ƙafa yake duka, ban ji an ba shi sarauta ba."

"Karen bana shi ke maganin zomon bana, tsoho."

"Da tsohuwar zuma ake magani, ɗan nema."

"Taka ai ƙudan zuman ma sun manta da ita."

Hamma ya yi tsaki, ya shiga zagaya mutum-mutumin yana harararsa kamar mai duba saniyar da bai yi niyyar saya ba. Kowane lungu ya duba sai ya ga alamar kulawa, kowace alama kuwa sai ta soke shi. An yi wa abin rumfar zana don rana. An shafe fatar da mai har tana ƙyalli. Shi da ya tara wa yaron hannu shekara goma sha uku, ko inuwa bai taɓa kafa masa ba.

"Man me ka shafa masa?"

"Man shanu."

"Man shanu! Ni ƙafata duk faso, ko kitsen akuya ba ka taɓa kawo min ba."

"Kai ai fatarka ta wuce gyara, sai dai jima."

"Har da rumfa. Gobe sai ka yi masa aure."

"Ina tunanin ba shi Yelwa, tun da kun ce kun raba mu. Ya fi ka tsayuwa."

Hamma ya ɗaga sanda, Ɗanmalam ya goce yana dariya. A nan ne idon tsohon ya faɗa kan wuyan 'yar sharar. Shuɗiya ce, da facin farin ƙyalle a kafaɗar hagu. Ya kama ta ya murza, ya shinshina.

"Kai! Wannan rigata ce!"

"Kama da wane ba wane ba ne."

"Ni za ka gaya wa? Ga facin da Yelwa ta yi mata da hannunta. Wata biyu ina nemanta. Ta ce min akuya ce ta janye ta daga kan igiya."

"To ba ta yi ƙarya ba. Akuya ce mai ƙafa biyu, ta aiko da ita a motar Alhamis."

"Wato har matata an haɗa baki da ita. Ya ƙwace min jika, ya ƙwace min riga, ya ƙwace min mata, ban ankara ba. Saura me? Gona?"

"Gonar ma da shi za ta fi kyau, ko tsuntsu ya kora."

"Cire masa."

"Haba tsoho, ka tuɓe malamina a gaban ɗalibinsa?"

"Malamin da ba ya ramawa? Kai yaro, saurara. Wanda ya saba dukan abin da ba ya ramawa, ran da ya haɗu da mai hannu sai an kwashe shi a zani. Wannan buhun zai ce maka ka ɗaga garkuwa? Zai ce maka haɓarka a buɗe take? Ya san ka fi jin tsoron hagu?"

"Yana ramawa."

"Buhu?"

"Buhu. Ni ma sau biyu yana kwantar da ni."

"To ashe lalacewar taka ta kai inda ta kai. Jikan Bahago, buhu ya kwantar da shi! Kada ka faɗa a waje, sai a ce a asibiti aka musanya ka."

"A gida aka haife ni, kana tsakar gida kana kuka, Yelwa ta ba ni labari. In kana ganin wasa ne, taɓa shi."

"In taɓa shi? In na taɓa shi sai dai ka share ƙaiƙayi."

"A'a, bari dai. Kada ka taɓa. Wasa nake yi." Dariyar Ɗanmalam ta ragu, ya matso zai shiga tsakani. "Ka zauna in kawo maka ruwa."

Da bai faɗi haka ba da wataƙila an rabu lafiya. Amma Hamma ya ji kamar yaron yana kare ubangidansa ne, sai abin ya ƙara hawa masa kai. Ya ture shi gefe, ya jingine sanda a darbejiya, ya naɗe hannun riga. Ya ware ƙafafu irin ta da, ya miƙa dama gaba, ya ja hagu baya. Ƙashin bayansa ya yi ƙara, ya yi kamar bai ji ba.

"Kai ɗan buhu, ni ne Bahago, hadarin Gagarawa, mai zuwa ba sallama!"

"Ka yi masa sallama sau uku ɗazu."

"Rufe min baki!"

Ya kai wa hannun da mutum-mutumin ya miƙo wani mari na raini, don ya kawar da shi ya samu ƙirji. Abin da bai sani ba, ba a ɗaure ƙarfen tsakiyar tamau ba, mai walda ya yi shi ne yana juyawa. Da hannun gaba ya tafi, sai jikin ya waiga gaba ɗaya, ɗaya hannun, guntun taɓarya da aka naɗe da tsumma, ya zagayo ta gefe ya sauka a bayan kunnen Hamma. Tim. Hula ta yi sama. Tsohon ya ja da baya taku biyu, diddigensa ya ci karo da saiwar darbejiya, sai ga shi zaune, tafin hannunsa shimfiɗe a kan ƙasa.

Ɗanmalam ya yi tsalle ya durƙusa gabansa, fuskarsa duk tsoro. "Hamma! Ka ji ciwo? Dube ni. Yatsu nawa ne nan?"

"Ɗauke min ƙazamin hannunka."

Yaron ya duba kunnen, ya ga ba jini, ya ga idon tsohon tar, sai zafin rai kawai. Ya dubi hannun da ke ƙasa. Ya miƙe a hankali, ya ɗaga hannu biyu sama.

"An kashe! Jama'a an kashe! Bahagon Gagarawa ya dafa ƙasa!"

A'i ta leƙo ta kan danga da muciya a hannu. "Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Gorona ne ya faɗi nake nema. Koma ki yi tuwonki."

Ta dubi uban, ta dubi ɗan, ta girgiza kai ta koma.

"Goro?" in ji Ɗanmalam. "Bari Alhamis ta zo, in shiga kasuwar Maigatari in samu masu kalangu. Shekara ashirin da biyu maza sun kasa, buhun gero ya yi a turmin farko."

"Santsi ne."

"A rani?"

"Saiwa ce. Kuma ba alƙali, ba kalangu, ba shaida."

"Ga darbejiya."

"Wanda ya yarda da shaidar itace ai shi ne mai ɗaukar buhu ubangida."

Hamma yana magana yana shafa bayan kunnensa, sai hannun ya tsaya cak. Ya ɗaga kai ya dubi mutum-mutumin, wanda ya gama lilo ya koma tsayuwarsa. Dama ce a gaba, ita ce garkuwa. Hagu ce a baya. Ya ƙanƙance ido ya sake duba ƙafar ƙarfen, ya ga an ɗan karkatar da ita, kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka.

"Kai, zo nan. Da wane hannu ya dake ni?"

"Da hagu."

"A bayan kunne."

"A bayan kunne."

"Bayan ya bar ni na taɓa garkuwa." Muryar tsohon ta yi ƙasa. "Wannan ai dukana ne. Da shi na kwantar da mutumin Magarya. Wa ya koya wa buhu dukana?"

"Wa kuwa? Wanda ya ba ni labarin sau huɗu a zama ɗaya. Kwana uku muka yi da mai walda kafin ya gane abin da nake so. Tashi ka tsaya kusa da shi."

Ya kama shi ya miƙar. Hamma ya miƙar da bayansa, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da mutum-mutumin, ba wanda ya fi wani ko da ɗan yatsa.

"Yelwa ce ta auna ka da igiyar guga kana barcin rana," in ji Ɗanmalam. "Ta ce in rage kamu ɗaya saboda doro. Na ce a'a, yadda kake a fage nake so."

"To in ni kake so, ina Gagarawa, ban mutu ba. Me ya hana ka zuwa?"

Ɗanmalam ya sunkuya ya ɗauko hular, ya daɗe yana kakkaɓe ta, fiye da yadda ƙurar ta kai.

"Juma'ar ƙarshe da na zo, ka tuna dukan da na yi wa tafinka?"

"Wannan shafar? Na zaci ƙuda ne ya sauka."

"Ƙudan ne ya sa ka yi kwana tara Yelwa tana ba ka tuwo a baki? Ta aiko min. Ta ce wuyan hannun ya kumbura kamar tulu, kana gasa shi a ɓoye, ka ce in ta faɗa min ka sake ta."

"Tsohuwar nan bakinta ba ya riƙe ko ruwa."

"Na san in na zo sai ka tara min hannu. In na ƙi, ka ce na raina ka. In na sassauta, ka gane, ka zage ni. In na daka da gaske in karya kakana. To ka faɗa min, wanne zan yi? Sai na ce bari in yi wani Hamman wanda ba ya kumbura."

Hamma ya dubi wuyan hannunsa na dama, wanda har yau in sanyi ya sauka sai ya yi masa tsami. Kunya ta kama shi, da wani daɗi da ya fi kunyar yawa, har ya ji idonsa yana neman kawo ruwa. Juma'a goma sha ɗaya yana zagin wani ƙato a zuciyarsa, yana shirya abin da zai gaya masa, ashe rigarsa ce a jikin ƙaton. Ya ja hanci da ƙarfi, ya ce ƙaiƙayi ne.

Sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har da tari, yana dafe da kafaɗar mutum-mutumin.

"Ashe da kaina nake kishi! To je ka Maigatari, ka tara masu kalangun. Ka ce Hamma ya dafa ƙasa. Amma ka faɗi wanda ya kayar da shi. Duk ƙasar nan ba a samu mai kashe Bahago ba sai Bahago."

"Wato ko a faɗuwar ma kai ka ci."

"Da wa kake so ya ci? Miƙo hannunka."

Ya zura hannu aljihu ya zaro karan, ya yi baƙi don tsufa, yana warin gumi da hayaƙi. Ɗanmalam ya san shi, tun yana yaro ake dukan hannunsa in ya taɓa. Hamma ya kama damtsensa, ya shiga naɗawa a hankali, zagaye bayan zagaye, yana ja da ragowar haƙoransa.

"A kareti ba a naɗa kara, tsoho."

"A gidanmu ana naɗawa. In ka je wurin Malam Ishaya ka kwance, ka yi musu tsallen jakinku."

Da ya gama sai ya ja baya, ya ɗaga tafin damansa kamar yadda ya saba. "Zo. Gwada in ji."

Ɗanmalam ya kama hannun da nasa biyu, ya sauke shi, ya zagaya da tsohon bayan mutum-mutumin, ya ɗora tafin a kan kafaɗar mai facin.

"Nan ne wurinka. Daga nan kana ganin haɓata."

Hamma ya leƙo ta gefen duman, ya ƙare wa tsayuwar yaron kallo. "A buɗe take kuwa, kamar ƙofar masallaci. Wata uku ba mai zaginka, dubi yadda ka lalace." Ya bubbuga kafaɗar buhun. "To, takwara, na bar maka rigar. Kai ka sha dukan, ni in yi zagin. Amma ka shirya, Juma'a za a ɗora ka a mota. Mutumin Gagarawa ne kai, me kake yi a Gumel?"